Kinuwa, Uwar Hatsi ta Mutanen Kan Duwatsu

A yammacin Amurka ta Kudu akwai waɗansu dogayen duwatsu da ake kira Andis. Sun miƙe daga arewa zuwa kudu, tafiyar wajen kilomita 7,000. A tsakiyarsu, inda ƙasar Peru ta yi iyaka da Bolibiya, akwai wani shimfiɗaɗɗen tudu, a bisansa kuma akwai babban tafki mai suna Titikaka. Tsayin wurin daga bakin teku mita 3,812 ne. Domin mu gane wannan lissafi, sai mu tuna da garin Jos wanda muke kuka da sanyinsa. Tsayin Jos wajen mita 1,200 ne kawai. Ko dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, watau Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ashe mutanen Titikaka suna noma da kiwo a inda ya ɗara ƙwanƙolin dutsenmu mafi tsawo nesa ba kusa ba.

Baƙon da ya je can, numfashi yakan yi masa wuya har kwana biyu ko uku. Da tsakar rana, rana tana ƙuna. Da dare kuwa sanyi yakan sauko har ruwa ya daskare a cikin kwano. Masara da ƙyar take kai labari, shinkafa kuwa ba a ma zancenta. Duk da haka mutane suna zaune a wurin tun shekaru dubbai, suna haihuwa, suna renon 'ya'ya masu ƙarfi. To, me suke ci? Suna cin dankali, da naman wata dabba mai suna lama, 'yar'uwar raƙumi ce amma ƙarama, ba ta da tozo. Sa'an nan suna cin wani ɗan ƙanƙanin hatsi da suke kira kinuwa.

Labarin wannan hatsi muke so mu kawo wa iyalanmu a wannan wata. An raina shi a ƙasarsa har shekara ɗari huɗu, daga baya duniya duka ta zo nemansa da kuɗi a hannu. Abin da ya sami manomansa a lokacin raini da lokacin daraja ya isa kowane maigida da uwargida su tsaya su yi tunani a kai.

WACE CE KINUWA?

Muna ce mata hatsi domin ana cinta kamar hatsi, amma ba dangin gero da dawa ba ce. Gero da dawa da shinkafa da acha duka dangin ciyawa ne. Kinuwa kuwa 'yar'uwar alayyaho ce. Wanda ya taɓa barin alayyaho ya tsufa a bayan gida har ya fid da kai ya yi 'ya'ya, ya ga kamannin kinuwa. Tsayinta yakan kai mita ɗaya zuwa biyu. Kanta yana kama da zangarniyar dawa, cike da 'ya'ya ƙanana masu faɗi, kowane bai wuce ƙwayar gero ba. Akwai fara, akwai ja, akwai baƙa, da rawaya, da mai ruwan hoda. In ta nuna, gonar takan zama kamar an shanya atamfa iri iri.

Mutanen ƙabilar Kecuwa su ne suke ce mata kinuwa, maƙwabtansu Aimara kuwa suna ce mata jufa. Masu haƙa kufai sun tarar da 'ya'yanta a tsofaffin mazaunai na bakin Titikaka, sun tabbatar ana nomanta fiye da shekara 3,000. A zamanin daular Inka, wadda babban birninta shi ne Kusko, ana yi mata kirari da uwar hatsi. Ana ba da labari cewa kowace shekara sarki da kansa yake fara shukarta da kayan noma na zinariya, sa'an nan talakawa su bi.

Abin da ya ba ta wannan girma shi ne jimirinta. Tana jure fari, tana jure raɓar da take daskarewa da dare, tana kuma tsirowa a ƙasa mai gishiri inda sauran amfanin gona yakan ƙone. Shekarar da sanyi ya kashe dankali, kinuwa ce take tsare gida daga yunwa. In an bushe ta sosai kuma tana daɗewa a rumbu.

YADDA AKE NOMANTA

Da yake ƙasarsu tana kudu da tsakiyar duniya, damina da rani nasu sun saɓa da namu. Suna shuka wajen watan Satumba zuwa Nuwamba, su yi girbi a watan Afrilu da Mayu, daidai lokacin da mu muke sharar gona.

A kewayen Titikaka, gari yakan raba gonakinsa kashi kashi, a yi ta juyawa bisa ga shawarar dattawa. Bana a sa dankali a wannan kashi, baɗi a sa kinuwa, shekara ta uku a sa sha'ir ko wani abu, daga nan a bar wurin ya huta shekaru da dama, dabbobi suna kiwo suna zuba taki. Manomi ba ya dogara ga iri guda. Yakan shuka iri dabam dabam a gonaki dabam dabam, gama ya sani in ƙanƙara ta ɓata wannan, wancan zai tsira. Kakanninsu kuma sun ƙago wata dabara a bakin tafkin. Sukan tada manyan kunyoyi masu faɗi, su bar ruwa kwance a tsakaninsu. Ruwan yakan sha zafin rana, da dare ya riƙa sakin ɗumi, sai sanyi ya kasa kashe shukar. An manta da wannan dabara shekaru da yawa, sai a shekarun 1980 aka sake farfaɗo da ita a waɗansu ƙauyuka.

Can kudu kuma, a cikin Bolibiya, akwai wani filin gishiri da ake kira Uyuni. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 10,000, fari fat iyakar ganin ido. Ruwan saman da ake samu a kewayensa duk shekara wajen milimita 200 ne, watau irin na bakin hamada. A nan ake noman kinuwa mai manyan 'ya'ya, wadda ake kira kinuwar sarauta. Dabararsu ita ce su kafce gona da damina, su bar ta ba shuka domin ta adana laima. In lokacin shuka ya zo, manomi ya tona rami har ya tarar da danshi, ya zuba iri, ya taka gaba kamar mita guda ya sake tona wani, kusan yadda muke yi da sungumi. Ta haka shuka guda take cin ruwan damina biyu.

In girbi ya yi, a yanke ko a tuge, a tara ta bushe, a sussuke da sanda, mata su sheƙe a iska. Aikin yana da yawa, saboda haka suna da al'adar da suke kira aini: yau a taru a gonarka, gobe ka je gonar maƙwabcinka. Mu da muka san gayya ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

ƊACIN DA YAKE TSARE TA

Kinuwa tana da wani abin mamaki. Kowace ƙwaya a lulluɓe take da wani abu mai ɗaci wanda masana suke kira safonin. In an zuba ta a ruwa aka cuɗa, sai kumfa ta taso kamar ta sabulu. Irin wannan abu ne yake cikin ɓawon aduwa, wanda tsofaffinmu suka yi wanki da shi. Amfanin ɗacin a gona babba ne, gama tsuntsaye ba su son shi. Manomin da ya taɓa kwana a kan rumfar gona yana korar jan baki daga dawarsa ya san darajar hatsin da yake gadin kansa.

Amma kafin a ci, dole a raba ta da ɗacin, wannan kuwa aikin mata ne tun fil azal. A ƙasar Uyuni, uwargida takan ɗan soya ta sama sama, ta zuba a wani turmin dutse mai faɗi tun tana da zafi, ta tattake da ƙafa har ɓawon ya saki. Sai ta sheƙe, ta wanke sau da yawa har kumfar ta ƙare, ta shanya. Ruwan wankin ma ba a zubar da shi a banza, ana wanke tufafi da gashin kai da shi. Wannan wahala tana cikin dalilan da suka sa matan birni suka guje ta sa'ad da shinkafa da taliya suka samu. Yanzu dai akwai injuna da suke goge ɓawon su wanke.

In an gyara ta, dafuwarta ba wuya. Kwano ɗaya na kinuwa, kwano biyu na ruwa, minti kamar 15 ta nuna. Alamar nunarta ita ce wani ɗan farin zare da yake fita ya naɗe jikin ƙwayar. Suna zuba ta a miya, suna yin fate da ita da madara da cuku, suna niƙa ta su yi ɗan dunƙule su turara domin guzurin makiyayi. A biranen Peru, da sassafe za ka ga masu sayar da kununta da aka dafa da tuffa, ma'aikata da 'yan makaranta suna sha a tsaye. Ɗanyen ganyenta kuma ana miya da shi kamar alayyaho, karan a ba dabbobi.

ABIN DA YAKE CIKINTA

Iyaye mata da suke zuwa awon jarirai sun sha jin zancen abinci mai gina jiki, watau furotin. A cikin awo 100 na busasshiyar kinuwa, wajen 14 furotin ne. A masara wajen 9 ne, a farar shinkafa wajen 7. Amma yawan kaɗai bai isa bayani ba. Furotin kamar gini yake, da tubala iri iri ake yinsa. Akwai iri tara da jikin mutum ba ya iya yi da kansa, sai daga abinci. In guda ya yi ƙaranci, ginin yakan tsaya ko da sauran sun yi yawa, kamar maginin da yake da tubali tuli amma ba azara.

Masara da dawa da gero da alkama duk suna da ƙarancin tubali guda mai suna laisin. Shi ya sa yaron da aka yaye a kan kunun masara zalla yakan ƙoshi amma ba ya girma yadda ya kamata, wani ma har ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja. Kinuwa tana da tubalan nan tara duka, laisin ɗinta kuma da yawa. Tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ba ta kuma da irin danƙon nan na alkama wanda yake sa wa waɗansu mutane ciwon ciki. Iyayen kan duwatsu ba su san sunayen nan ba, amma sun san yaron da yake shan kunun kinuwa yana yin ƙwari.

YADDA AKA RAINA TA

A shekara ta 1532 Turawan Sifen, a ƙarƙashin wani jarumi mai suna Faransisko Fizaro, suka kama Atawalfa sarkin Inka, daular ta faɗa hannunsu. Baƙin sun zo da abincinsu. Suna son alkama domin burodi, da sha'ir domin dabbobinsu, suka sa aka shuka su a gonaki masu kyau. A 1545 aka gano azurfa a dutsen Fotosi, aka riƙa kwashe maza daga ƙauyuka ana kai su aikin tilas a ramukan haƙa. Gonaki da yawa suka koma saura.

Dankali da masara sun yi sa'a, an kai su Turai sun karɓu, daga can suka bazu har suka iso gare mu. Kinuwa ba ta yi wannan sa'a ba. Wani marubuci mai suna Garsilaso, wanda ubansa Basifane ne, uwarsa kuwa 'yar gidan sarautar Inka, ya ba da labarinta a littafin tarihin da ya buga a 1609. Ya ce an aiko masa da irinta daga Peru zuwa Sifen, ya shuka, ba ta tsiro ba. Irin kinuwa ba ya jure doguwar ajiya a wuri mai laima da zafi, tafiyar jirgin ruwa ta kashe shi.

Daga nan sai aka laƙaba mata suna abincin ƙauyawa. Wanda ya yi makaranta ya sami aiki a birni yana jin kunya a ga kinuwa a tukunyarsa. Waɗansu ma kaji suke ba. Tun daga shekarun 1950 kuma alkamar taimako daga Amurka ta riƙa shigowa da araha, burodi da taliya suka zama abincin kowa. Da ba domin talakawan kan duwatsu ba, waɗanda suka ci gaba da shuka ta suna ajiye iri daga uwa zuwa 'ya, da yanzu sai dai a ji labarinta. Su ba su yi haka domin duniya ba. Sun yi ne domin ita ce take yi a gonarsu, ita ce kuma 'ya'yansu suke ci.

SA'AD DA DUNIYA TA FARKA

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A shekarun 1970 da 1980 masana aikin gona suka fara komawa kan kinuwa. A 1983 manoman Bolibiya suka kafa babbar ƙungiyarsu mai suna ANAPQUI domin su riƙa gyara amfaninsu suna sayarwa da kansu. A cikin shekarun nan ne aka fara kai ta kantunan Amurka, aka kuma gwada nomanta a kan tuddan jihar Kolorado. A 1993 hukumar binciken sararin sama ta Amurka, NASA, ta fitar da rahoto cewa kinuwa ta dace da abincin masu doguwar tafiya a sama jannati. Abincin da ɗan birni yake ɓoyewa, ga shi ana shawarar a tafi da shi sama.

Masu kuɗi a Turai da Amurka, waɗanda ƙiba da ciwon sukari suka dama, suka rungume ta. Tsakanin 2006 da 2013 farashinta ya ninka har sau uku. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa 2013 suna Shekarar Kinuwa ta Duniya, aka naɗa shugaban Bolibiya na lokacin, Ebo Morales, wanda shi kansa Ba'aimare ne, jakadanta na musamman.

Kuɗi suka shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin irinsu ba. Manoma suka yi rufin kwano, suka sayi motoci, suka kai 'ya'yansu jami'a. Waɗanda suka daɗe da ƙaura zuwa birni suka komo suna neman gonakin kakanninsu. A kasuwar garin Callafata, inda ake yanka farashin kinuwa, buhuna suka yi ta shiga suna fita. Jaridun Turai sun yi ta rubuta cewa tsadar ta hana talakawan ƙasar cin abincinsu. Gaskiya ne ta yi wa mazauna birni tsada. Amma wani bincike da masana tattalin arziki suka yi a kan gidajen Peru, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa a shekarun tsadar zaman gidaje ya ɗan ƙara kyau a yankunan da ake cinta da nomanta. Bai kamata mu hana manomi murnar ranar da guminsa ya yi daraja ba.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Sai dai kwaɗayi mabuɗin wahala. A ƙasar Uyuni, da a gefen duwatsu ake noma da hannu, filayen ƙasa kuwa na kiwon lama ne. Da kuɗi suka zo, sai aka sa tarakta ta bi filayen nan da garma. Aka tumɓuke ƙananan itatuwan da suke riƙe ƙasa suna tare iska. Aka sayar da lama domin a sami wurin shuka, taki ya ragu. Gonar da take hutawa shekaru da yawa aka koma nomanta a kai a kai. Ƙasar wurin kuwa rairayi ce marar nauyi, iskar tudu ta riƙa kwashe ta. Amfanin kowace eka ya ragu, tsutsa ta yi yawa, rigimar iyakar gona ta tashi tsakanin ƙauyuka da tsakanin 'yan'uwa.

Iri ma ya taɓu. A rumbun ajiyar iri na Bolibiya akwai samfurin kinuwa fiye da 3,000 da aka tattaro daga hannun manoma. Amma 'yan kasuwar waje iri kaɗan suke so, yawanci fara mai manyan 'ya'ya, sai ja da baƙa. Manomi da yawa ya bar irin da kakarsa ta ajiye domin fate, ko domin shekarar sanyi, ya cika gonarsa da abin da mai saye yake so.

Sa'an nan kasuwa ta juya. Da kowa ya ga riba, kowa ya shiga. Manyan manoma a gaɓar tekun Peru, masu ban ruwa da takin zamani da injuna, suka fara nomanta. Abin da Peru ta girbe ya tashi daga wajen tan 52,000 a 2013 zuwa wajen tan 114,000 a 2014, ta wuce Bolibiya. Kaya ya yi yawa, a 2015 farashi ya faɗi warwas. Wanda ya ci bashin tarakta yana lissafi da tsohon farashi ya shiga uku. Waɗanda suka komo daga birni suka sake komawa, suka bar gonaki tsirara.

Kinuwa kuma ta riga ta fita daga hannun masu ita. An gwada nomanta a ƙasashe fiye da 100, har da Faransa, da Sifen, da Sin, da Indiya. A 2017 masana a wata jami'a ta ƙasar Saudiyya suka jagoranci aikin gano dukan tsarin halittarta, domin a sami irin da zai yi a ƙasa mai gishiri. Wannan alheri ne ga duniya mai fama da fari. Amma manomin kan dutse, wanda kakanninsa suka tsare irin nan shekara 3,000, yanzu yana gasa da masu injuna a ƙasashen da jiya ba su san sunanta ba. Waɗanda suka fi tsira su ne waɗanda suke cikin ƙungiya, da waɗanda ba su rabu da lamarsu da dankalinsu ba. A waɗansu ƙauyuka an koma kafa doka: kowa ya bar layin itatuwa a gefen gonarsa, kowa ya ajiye dabbobi gwargwadon filin da yake nomawa.

TO, MU FA?

Wataƙila mai karatu zai ce, a kawo mana irin mu shuka. An gwada ta a ƙasashen Afirka kamar Kenya da Malawi da Burkina Faso. Amma kinuwa ba ta son zafi. In zafi ya wuce awo 35 a lokacin da take fure, ba ta yin 'ya'ya sosai. Wadda ake gani a manyan kantunan birane kuwa daga waje take, tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu. Ba lalle ne mu saya ba. Tubalin nan laisin da dawa da masara suka rasa, wake yana da shi a yalwace. Uwargidan da take haɗa hatsi da wake, ko take zuba garin waken soya da ƙuli a kunun yaro, ta riga ta ba shi abin da kinuwa take bayarwa.

Abin da ya fi kusa da mu a labarin nan shi ne, mu ma muna da tamu uwar hatsin a kan tudu. Acha ke nan, da 'yar'uwarta iburu, waɗanda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna da kudancin Bauchi, har zuwa tuddan Futa Jalon na ƙasar Gini. Acha tana yi a ƙasa mai tsakuwa inda masara ba ta yi. Wani irinta yana nuna da wuri, ya fid da gida daga yunwar tsakiyar damina. Tana da waɗansu tubalan ginin jiki da wake yake da ƙarancinsu, saboda haka acha da wake abokan juna ne a tukunya. Ita ma surfenta da wanke yashinta wahala ne a kan mata. Ita ma an raina ta, Turawa suka ce mata shinkafar yunwa, 'ya'yanmu da suka yi boko suka fi son burodi da taliya a kan gwate. Ita ma yanzu duniya ta fara leƙo ta. A 2018 Tarayyar Turai ta yarda a riƙa sayar da ita a kasuwanninta, a 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekarar gero da ƙananan hatsi, har da acha a ciki. Mudun acha a kasuwanninmu ya daɗe da wuce mudun masara a tsada.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Andis sun riga mu bin wannan hanya, sun ga daɗinta, sun ga ramukanta. Ga abin da muka tsinta daga wurinsu.

Na fari, a cika tukunyar gida kafin a kai kasuwa. Maigidan da ya sayar da achar gidansa duka ya sayo taliya da lemon kwalba ya yi musayar zinariya da tagulla, ko da kuɗi sun rage a aljihunsa.

Na biyu, a riƙe iri. Kowace tsohuwa a ƙauye ta san acha iri iri, da mai saurin nuna, da mai jure fari, da wadda ta fi daɗin tuwo. Mai saye daga birni iri ɗaya zai nema. A ba shi abin da yake so, amma a bar wa sauran ko da kunya biyar ce a gefen gona. Irin da ya ɓace ba a sayo shi a kanti.

Na uku, kada farashin shekara guda ya sa a hana gona hutu, ko a sayar da awaki da shanun da suke ba ta taki, ko a ci bashin da sai farashi ya tsaya a sama za a iya biya. Kasuwa tana hawa tana sauka, gonar kuwa ita ce za mu bar wa 'ya'yanmu.

Na huɗu, a haɗa kai. Manoman Bolibiya da suke cikin ƙungiya sun sayi injin gyara tare, sun yi ciniki da murya ɗaya. Injin surfen acha yana nan, wani malami ɗan ƙasar Senegal mai suna Sanusi Jakite ya ƙera shi tun shekarun 1990. Abin da mace guda ba za ta iya saya ba, ƙungiyar mata za ta iya.

Na ƙarshe yana hannun iyaye da malamai. Yaro ba ya raina abinci sai ya ga babba ya raina. In muka ajiye shinkafa domin baƙo da ranar biki, muka bar gwate domin ranar da babu, yaro ya riga ya karanta darasin ko ba a faɗa masa ba. A wannan wata, bari uwargida ta dafa tuwon acha ko gwate a ranar da ake da babban baƙo, ta kawo shi a kwano mai kyau. Bari maigida ya kira yara ya nuna musu Peru da Bolibiya a taswira, ya gaya musu labarin mutanen kan duwatsu da hatsinsu. Sa'an nan a aiki yaran wurin kaka, su tambayo ta sunayen irin achar da ta sani, su rubuta a littafi tun tana nan.